DCP-o-matic: manhajar da ta kai ƙarar agogon dattijo kunnen alƙalai

Saƙon da ya sanar da ni an zaɓi fim ɗina a bikin baje kolin finafinai ya zo da layi biyu na taya murna, sai shafi uku na sharuɗɗa. Ina cikin hamdala idona ya sauka kan sharaɗi na huɗu: a kawo fim a tsarin DCP, wanda na'urorin sinima ke haskawa da shi, cikin kwana 21, ba sa karɓar MP4, ba sa haskawa daga laftof. Fim ɗin gajere ne, minti 19, a kan wani dattijo mai gyaran agogo wanda ganinsa ya fara dushewa, har ya koma da kunne yake gane ciwon agogo. Mu shida muka yi shi, da kyamarar aro, cikin shekara guda da 'yan watanni. Lokacin da saƙon ya iso, abin da ya rage a hannuna kuɗin tafiya ne kawai. Na tuntuɓi kamfanoni biyu masu haɗa DCP, kuɗin da kowanne ya yanka mini zai lashe na tafiyar har ya nemi ƙari. Ko dai fim ya tafi ni in zauna, ko ni in tafi hannu rabbana.

Yaron da ya haɗa mini sauti, ƙanin wata ƙawata, shi ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Yaya, akwai wata manhaja ta kyauta, DCP-o-matic. Ni ma ban taɓa aiki da ita ba, amma bari mu gwada kafin ki fasa tafiyar." Da ita muka haɗa kwafin da aka haska a ɗakin sinima mai cin mutum ɗari uku da wani abu, kuma da wannan kwafin fim ɗin ya samu lambar yabo ta musamman ta alƙalai a rukunin gajerun finafinai. Tun da na dawo mutum huɗu sun tambaye ni ko za a iya dogara da ita. Amsata ita ce e, za a iya, da sharaɗi guda wanda na kusa koyonsa a makare, kuma shi ne zai fi cin wuri a wannan rubutu.

Ga wanda bai taɓa cin karo da shi ba, DCP ba fayil ɗaya ba ne. Folda ce mai ɗauke da fayiloli da dama: ɗaya na hoto, ɗaya na sauti, sai wasu ƙanana na rubutu da ke gaya wa na'urar sinima me ke ciki, da yadda za ta jera shi, da yadda za ta tabbatar babu abin da ya lalace a hanya. Manyan kamfanonin finafinan Amurka bakwai ne suka haɗu a 2002 suka kafa ƙungiyar DCI, a 2005 suka fitar da ƙa'idojin da sinimomin duniya ke bi yanzu. A tsarin, kowane hoto ana matse shi ne shi kaɗai da JPEG 2000, ba ya jingina da na gabansa ko na bayansa yadda MP4 ke yi. Kala tana komawa wani ma'auni da ake kira XYZ. Sauti kuwa ba a matse shi ko kaɗan. Shi ya sa fim ɗina, wanda bai kai gigabait 2 ba a kwafin da na tura wa masu tantancewa, ya koma kusan gigabait 22.

Ita DCP-o-matic wani ɗan Ingila ne, Carl Hetherington, ya fara rubuta ta a 2012, da sunan DVD-o-matic a lokacin. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta buga tambarinta a kan hotonka, ba ta iyakance maka tsawon fim, gudummawar masu amfani da ita ce ke riƙe ta. Akwai wasu hanyoyin: easyDCP da ya samo asali daga cibiyar Fraunhofer ta Jamus, na kuɗi ne, DaVinci Resolve na biya shi ma yana fitar da DCP. Ban yi aiki da su ba, don haka ba zan gwada tsawonsu da ita ba.

In ka buɗe ta, ba za ta burge ka da ado ba. Hagu akwai shafuka biyu, na kayan da ka zuba da na yadda kake son DCP ɗin ya fito, dama kuma ɗan allon kallo. Akwatunan zaɓi sun yi yawa, kalmomin ciki na 'yan sana'ar ne, kuma ba ta tsayawa yi maka bayanin kowanne. Daren farko na shafe awa uku da littafin jagorarta a buɗe a gefe guda kafin in danna komai. Littafin a rubuce yake dalla-dalla da hotuna, kuma ina ba duk mai niyya shawarar ya karanta shi tun daga farko, kada ya bari sai ya maƙale.

Batun girman hoto bai ba ni wahala ba. Na ɗauki fim ɗin a 1920 da 1080, sinima kuwa tana da manyan mazubi biyu: Flat mai 1998 da 1080, da Scope mai 2048 da 858. Na zaɓi Flat, manhajar ta zaunar da hotona a tsakiya ta bar baƙin layi siriri a kowane gefe, ɗigo 39 hagu, 39 dama. Da na so, da na faɗaɗa shi ya cika ta hanyar yanke sama da ƙasa kaɗan, amma akwai fitowar da hannun dattijon ke can ƙasan allo yana laluben ƙaramin sukundireba, ban yarda a taɓa ta ba. Kala ma haka: na gaya mata an tace fim ɗin a ma'aunin kala na Rec. 709, ta mayar da shi XYZ da kanta. Gargaɗi ɗaya a nan: idan ka buɗe fayil ɗin hoton da manhajar kallo ta yau da kullum, yana iya fito maka a koɗe, kore-kore. Kada gabanka ya faɗi, waccan manhajar ce ba ta fassara kalar ba. Ka kalle shi da na'urar kallon da ke zuwa tare da DCP-o-matic.

Inda na fara ganin mutuncinta shi ne a saurin hoto. Mun ɗauki fim ɗin a hoto 25 cikin daƙiƙa, alhali abin da aka fi sabawa da shi a sinima 24 ne. Da na zaɓi 24, nan take ta rubuta mini a ƙasan akwatin cewa fim zai yi tafiya a kashi 96 cikin ɗari na saurinsa. Na zauna na yi lissafi. Hotuna 28,500 ne, in aka raba su 24-24 sun zama minti 19 da daƙiƙa 47 da rabi, ƙa'idar rukunin kuwa kada a wuce minti 20. Zan tsallake da kyar. Amma abin da ya fi damuna ba tsawon ba ne. In fim ya rage gudu, sauti ma yana ja baya, murya ta ɗan yi kauri, kuma agogon da ke buga daƙiƙa a bango zai daina buga daƙiƙa ta gaskiya. A wani fim ba mai lura. A fim ɗin da jaruminsa ke rayuwa da jin bambancin agogo mai lafiya da mai latti, ni zan sani ko da kowa bai sani ba. DCP iri biyu ne, tsohon tsari Interop da sabo SMPTE, kuma shi sabon ya yarda da 25. Na rubuta wa mai kula da na'urorin bikin na tambaye shi, ya ce na'urarsu na karɓa. Na bar fim ɗina a 25, SMPTE. Manhajar ba ta yanke mini hukunci ba, ta dai faɗa mini abin da zai biyo bayan zaɓina a layi guda, tun kafin in ɓata awanni.

Awannin kuwa suna da yawa. Laftof ɗina hoto uku yake matsewa a daƙiƙa, yana huci kamar zai tashi sama, aikin ya ci awa biyu da minti 40. A zagaye na biyu muka yi amfani da wata dabara da ke cikinta: ka saka ƙaramar manhajar taimako a wata kwamfutar da ke kan layin sadarwa ɗaya da taka, babbar ta gano ta da kanta ta riƙa raba musu hotunan. Da kwamfutar yaron sauti ta shigo, muka koma hoto bakwai a daƙiƙa, aka gama cikin awa guda da 'yan mintoci. Ƙa'ida ta yarda a kai megabit 250 a daƙiƙa, ni na tsaya a 150, kuma a kan babban allo ban ga inda hoto ya fashe ba, har a inuwar cikin shagon.

Yanzu sharaɗin da na ambata. Kwafin farko da muka haɗa na kalle shi a laftof daga farko har ƙarshe da abin ji a kunne, na ji komai daidai. Kafin ta fara aiki manhajar ta fito da 'yan shawarwari, ciki har da cewa layukan sautina ba su kai shida ba, hakan na iya kawo matsala a wasu sinimomi, kuma ƙarfin sautin ya yi sama sosai. Na karanta, na ce ai haka na ji shi tsawon wata takwas, na wuce. Kuskurena ne, ita ta faɗa.

Allah Ya taimake ni, wata sinima ta yarda ta ba ni rabin awa da safe kafin su buɗe wa jama'a. Mai kula da majiginsu dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin da ake ɗora fim a faifai ana zare shi. Ya karɓi ma'ajiyar da fim ɗin ke ciki, ya loda, ya ce game da maɓallin ƙarfin sauti, "'Yata, a bakwai zan fara miki, nan ne ma'auni. In ya yi yawa ki ɗaga hannu." Ban kai minti guda ba na ɗaga hannu biyu. Ƙarar agogunan da na sani masu laushi ta koma kamar ana buga ƙusa a kwano. Ya yi ta ragewa har sai da ya kai huɗu da rabi kafin ɗakin ya zaunu. Sannan ya leƙo ta ƙaramar tagarsa ya ce, "Tashi daga tsakiya, koma kujerar ƙarshe ta hagu ki ji." Na koma. Jarumina yana tsakiyar allo yana magana, muryarsa kuwa daga can gefen hagu take fitowa, kamar wani ne a ɓoye yake yi masa magana. Gwiwata ta yi sanyi.

Da ya sauko ya zauna kusa da ni ya yi mini bayanin da ba zan manta ba. Bayan allon sinima akwai manyan lasifikoki uku, hagu da tsakiya da dama, allon kuma yana da ƙananan huji da sauti ke ratsawa. Na tsakiyar shi ne na magana. In ka kawo sauti mai layi biyu kawai, na tsakiyar yana zaune shiru, muryar ta rabu hagu da dama. Wanda ya zauna a tsakiyar ɗaki kunnensa zai haɗa su ya ji kamar daga bakin jarumi take, amma duk wanda ke gefe zai ji ta daga lasifikar da ta fi kusa da shi. A abin ji na kunne kullum kana tsakiya, shi ya sa ban taɓa ji ba. Game da ƙarfi kuma, ya ce an saita ɗakin sinima ne yadda in maɓallin na kan bakwai kowace lasifikar gaba za ta ba da desibel 85 da sautin gwaji, ni kuwa na haɗa nawa da ƙarfin da ake yi wa intanet, inda kowa ke tura sauti har rufi. Na ce, "Baba, to yanzu ya zan yi? Saura kwana tara." Ya ce, "Kwana tara ai shekara ce. Je ki raba maganar daban, ki dawo mini jibi."

A nan ne na gane darajar wani ɗan allo mai gidaje-gidaje da ke shafin sauti na manhajar, wanda da farko na tsallake shi. Layukan kwance sautukan da ka zuba ne, na tsaye kuma lasifikokin sinima a jerensu: hagu, dama, tsakiya, na gurnani, sai na kewaye biyu. Duk gidan da ka danna, ka aika wannan sautin zuwa waccan lasifikar ke nan, kuma kana iya rage ko ƙara ƙarfin kowane gida shi kaɗai. Yaron sauti ya kwana biyu yana fitar mini da kaya a rarrabe: magana ita kaɗai, kiɗa shi kaɗai, amon shago shi kaɗai. Magana muka kai ta tsakiya. Kiɗa hagu da dama. Agogunan bango, waɗanda muka naɗa ɗaya bayan ɗaya da dare lokacin da titi ya yi shiru, muka watsa su a lasifikokin kewaye, ƙasa-ƙasa, yadda mai kallo zai ji kamar a cikin shagon yake zaune. Manhajar tana da nata hanyar mayar da layi biyu zuwa shida kai tsaye, mun gwada, ta fi babu nesa ba kusa ba, kuma wanda ba shi da sautinsa a rarrabe zai ci moriyarta. Amma ba ta kai rabawa da hannu ba, domin ita ba ta san wane agogo ne jarumin labarin ba.

Akwai kuma ɗan ma'aunin lissafi a wajen ƙarfin sauti da ya yi mini daidai kamar don ni aka yi shi. Kana gaya masa a lamba nawa kake son a kunna fim ɗinka, da lambar da dole ta sa aka kunna shi, shi kuma ya lissafa desibel nawa za a rage. Tsakanin huɗu da bakwai, kowace lamba guda a na'urar sauti ta Dolby desibel uku da sulusi ce. Na ce ina son bakwai, an kunna a huɗu da rabi, ya rage mini takwas da 'yan kai. Daga baya na ɗan mayar da kaɗan, saboda Baba ya ce ɗakuna da yawa ba sa kaiwa bakwai ɗin, sun saba zama a biyar ko biyar da rabi, kada fim ɗina ya koma raɗa. Zanen da manhajar ke nunawa na hawa da saukar sauti daga farkon fim zuwa ƙarshe ya nuna mini wurare biyu da ƙarar ƙofa ta yi tsalle sama da komai, muka gyara su.

Gwaji na biyu na yi shi ina yawo a ɗakin, gaba, baya, lungun dama, lungun hagu. Ko'ina na tsaya, muryar daga bakin jarumin take fita. Baba bai ce komai ba sai da aka kunna fitila, sannan ya ce, "Yanzu kin kawo fim." Ba zan iya biyan mutumin nan ba. Kuma wannan ita ce iyakar manhajar da ya kamata kowa ya sani: na'urar kallonta tana da amfani wajen duba jerin hoto da rubutun fassara da daidaituwar baki da murya, tana kuma iya bincika kwafin ta gaya maka ko ya saɓa ƙa'ida ko wani fayil ya lalace, amma a laftof mai ƙaramin ƙarfi tana yin tsalle-tsalle sai ka rage mata ingancin nuni, kuma ba za ta taɓa zama ɗaki mai lasifika shida ba. Tana yin abin da ka ce mata ne, tsaf, ko daidai ne ko kuskure. Duk wanda zai yi aiki da ita ya nemi ɗakin sinima tun kafin ya fara, ya kuma bar wa kansa kwanakin gwaji biyu aƙalla.

Sauran abubuwan gajeru ne. Rubutun fassara na zuba shi daga fayil ɗin SRT, na zaɓi a ƙona shi a jikin hoton don kada wata na'ura ta sauya mini girma ko wurin zamansa. Sunan kwafin, wannan dogon jeren haruffa da ke nuna sunan fim da irinsa da harshe da tsarin sauti da kwanan wata, ita ta haɗa shi da kanta, kuma masu majigi da shi suke gane fim a cikin ɗaruruwa. Kulle fim da mabuɗin sirri da ake kira KDM akwai shi, ban taɓa shi ba, kuma ban ba ɗan'uwana mai ƙaramin fim shawarar ya taɓa ba: mabuɗin na na'ura guda ne da ƙayyadadden lokaci, in aka sauya maka ɗaki ko aka ɗaga ranar haskawa, fim ɗinka ya kulle kansa. Ma'ajiyar da za a aika kuwa, na'urorin sinima sun fi aminta da tsarin ext na Linux, kuma akwai 'yar manhaja a cikin kunshin da ke tsara ma'ajiyar ta kwafa fim ɗin a kai. Tana share duk abin da ke ciki kafin ta fara, don haka ka duba sau biyu wacce ka zaɓa, ka cire duk wata ma'ajiya da ke jone.

Ranar haskawa ban zauna a kujerar da aka ware mini ba. Na nemi kujerar ƙarshe ta hagu. Fim ɗina ne na huɗu cikin shida, waɗanda suka gabace shi duk sun fi shi kayan aiki, hakan a bayyane yake tun daga hoton farko. Tafin hannuna ya jiƙe. A minti na 14 akwai wurin da jikar dattijon ta kawo masa agogon marigayiyar matarsa, wanda ya shekara a tsaye. Ya buɗe bayansa da lalube, ya taɓa wani abu da bakin ɗan hantsaki, ya kai shi kunne. A nan muka ɗauke agogunan bango ɗaya bayan ɗaya daga lasifikokin kewaye, har ɗakin ya zama ba komai sai numfashinsa. Daƙiƙa 40 ba magana, ba kiɗa. Sannan bugu ɗaya, siriri, daga tsakiyar allo, daidai inda kunnensa yake. Sai na biyu. Mutum ɗari uku sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Matar da ke gabana ta karkata kanta gefe, yadda shi ya karkata nasa, tana sauraro. Ban ga sauran fim ɗin sosai ba, idona ya cika.

Daren rufe biki, da shugabar alƙalai ta zo kan lambar yabo ta musamman, wannan wurin ta ambata kafin ta kira sunan fim ɗin, ta yi magana a kan yadda aka sa ɗaki guda ya saurari abu ɗaya tare. Na gane mu ne tun kafin ta ƙarasa, amma ƙafata ta ƙi ɗaukata sai da na kusa da ni ya taɓa kafaɗata. Abin da na faɗa a kan dandamali ban riƙe shi duka ba. Na san na gode wa dattijon da ya hau matsayin, wanda bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba kafin wannan, na gode wa yaron sauti, na kuma gode wa Baba mai majigi. Da na kira yaron a waya daga bakin ƙofa, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya, a lamba nawa suka kunna?" Na riga na tambayo masa: shida.

Yabon na mutanen nan ne, da shekarar da muka zuba. Amma na san abin da zai faru da kwafin farko ne ya je. Da an rage shi zuwa huɗu da rabi saboda ƙarar farkon fim, da wannan siririn bugun ya nutse, wanda ya ji shi ma daga bango zai ji shi. DCP-o-matic ta ba ni ikon ɗora bugun nan a lasifikar da ta dace, da ƙarfin da ya dace, da saurin da aka naɗe shi, ba tare da na sayar da tikitina ba. Ga mai gajeren fim ko fim ɗin gaskiya da ke aiki da aljihunsa, wanda zai iya ba ta mako biyu da haƙurin karatu, ina ba da shawararta da zuciya ɗaya. Wanda saura masa kwana uku kuma ba shi da ɗakin gwaji, gara ya nemi rance ya kai wa masu sana'ar, domin su suna da ɗakin da kunnen. Daga ɗan abin da ya biyo bayan lambar na aika wa mai manhajar gudummawa, kuma zan sake.

Abu guda da zan sauya shi ne ƙona rubutun fassara. Makon jiya wani bikin ya gayyaci fim ɗin, suna son fassarar Faransanci. Da na bar rubutun a ware, da ƙaramin kunshi kawai zan haɗa mai jingina da na asali, wanda manhajar ta iya yi, in tura shi ta intanet cikin mintoci. Yanzu sai na sake matse hotuna 28,500 daga farko. Na ajiye foldar aikin da duk saitinta, don haka sauti yana nan yadda Baba ya amince da shi, ba abin da zan taɓa sai rubutun. Yaron sauti zai kawo kwamfutarsa ranar Asabar, Baba kuma ya ce in zo Talata da safe kafin su buɗe.